Darasi na Goma Sha Ɗaya: Baƙo a Gonar Koko, Aikin Sa-kai a Ghana da Tambayar Wa Ke Amfana

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya bayyana yadda ake noman koko da sayar da shi a ƙasar Ghana, ya gane dalilan da suka sa manominsa bai cika yin arziki ba, sannan ya iya auna amfanin baƙin da ke zuwa aikin sa-kai a kan hujja.

Gabatarwa

Kowace shekara matasa daga Turai da Amurka da wasu ƙasashen Asiya suna sauka a Akra, babban birnin Ghana, da niyyar aikin sa-kai. Wasu makarantu ake kai su, wasu asibitoci, wasu kuma ƙauyukan da ake noman koko, wato itacen da ake yin cakulan da ƙwayarsa. Yawancinsu mako biyu ne zuwa 'yan watanni suke yi, kuma su ne suke biyan kuɗin jirgi, su biya kamfani ko ƙungiyar da ta shirya musu tafiyar. A kwanakin da za su yi, za a shiga da su gona su riƙa adda, su fasa koko, su taya shanya, ranar kasuwa kuma a zaga da su su ga yadda ake ciniki. Idan suka koma gida, labarin da aka fi ji daga bakinsu shi ne sun je sun taimaki talakawan manoma. Ra'ayin da wannan darasi zai kafa shi ne cewa an juya maganar. A irin wannan gajeriyar tafiya manomi ne malami, baƙo kuwa ɗalibi, kuma amfanin tafiyar ya dogara a kan abu uku: inda kuɗin baƙon ya shiga, abin da ya fahimta game da farashi, da abin da ya yi da fahimtar bayan ya koma ƙasarsa. Za mu bi gona da sikeli da kasuwa mu ga ko hujja ta goyi bayan wannan ra'ayi, daga nan mu saurari masu ja da shi.

Abin da gona ke nema

Asalin itacen koko dazuzzukan Kudancin Amurka ne, kuma yana ƙarami ba ya jure zafin rana. Saboda haka manomin Ghana yakan dasa shi tare da ayaba da gwaza da rogo, su yi masa inuwa, iyali kuma su riƙa ci daga cikinsu kafin itacen ya fara haihuwa bayan shekara uku zuwa biyar. Furanninsa a jikin gangar itacen da manyan rassa suke fitowa, daga fure zuwa nunar ɗa kuwa wata biyar ne ko shida. Babbar kaka tana farawa wajen watan Oktoba, akwai kuma ƙaramar kaka a tsakiyar shekara. Wajen cire 'ya'yan ana amfani da adda, na sama kuma da lanƙwasasshiyar wuƙa da aka ɗaura a kan doguwar gora, kuma dole mai yanka ya kiyaye gurbin da ɗan ya fito, domin nan ne fure zai sake fitowa. Idan ya ji wa gurbin rauni, ya rage amfanin shekaru masu zuwa. Bayan an tara sai a fasa, a kwashe ƙwayoyin, waɗanda kan kai talatin zuwa arba'in a cikin ɗa guda, lulluɓe da farin ɓargo mai zaƙi. Sai a jibge su a kan ganyen ayaba a rufe, su yi kamar kwana shida ana juyawa, kamar yadda mai daddawa ke rufe kalwa har ta nuna. A wannan rufin ne ɗanɗanon cakulan ke samuwa. Daga nan sai shanya a kan tabarmi da aka ɗora bisa rumfa, mako guda ko fiye, ana motsawa da hannu, ana tsince marasa kyau, ana rufewa da zarar hadari ya taso.

Duk matakin da muka lissafa akwai ƙwarewa a cikinsa, kuma kuskure a ko wane ɗaya yana jawo hasara. Kokon da bai tsimu ba, ko wanda aka zuba a buhu da sauran danshi har ya yi funfuna, masu duba inganci ba za su karɓa ba. Saboda wannan kulawa ta manoma da tsananin binciken hukuma ne kokon Ghana ya yi suna, har masu saye a kasuwar duniya suke ƙara masa kuɗi a kan na wasu ƙasashe. To, mutumin da bai taɓa riƙe adda ba, wanda zafi da sauro suka dame shi, me zai ƙara wa wannan aiki a cikin kwana goma sha huɗu? Dole a ware wani ya tsaya a kansa, ya nuna masa, ya gyara abin da ya ɓata. Ƙauyen ma ba baƙon taimakon juna ba ne, domin Akanawa suna da nasu aikin gayya da suke kira nnoboa, inda maƙwabta ke haɗuwa su share gona ko su fasa koko, yau a ta wannan, gobe a ta wancan. Hannun da ya san aiki yana nan a gida.

Tarihi ma shaida ne

Wanda yake tsammanin manomin koko yana jiran wani ya zo daga waje ya buɗe masa ido, ya duba tarihi. Turawan mishan na Basel sun gwada dasa koko a ƙasar tun da farko, amma wanda Ghana ke tunawa da shi a kan yaɗuwarsa shi ne Tetteh Quarshie, wani maƙeri da ya dawo daga tsibirin Fanando Po da 'ya'yan koko a 1879, ya dasa a Mampong ta yankin Akuapem. Daga nan manoma suka karɓa da kansu. Zuwa 1911 ƙasar, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, ba tare da manyan gandayen Turawa ba. Masaniyar nan Polly Hill, wadda daga baya ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta yi nazarin noman Hausawa, ta nuna a littafinta na 1963 cewa waɗannan manoma 'yan jari ne masu lissafi: sun haɗa kuɗi ƙungiya-ƙungiya sun sayi daji, sun zuba ribar gonar farko a ta biyu, har wasu sun gina hanyoyi da gadoji da kuɗinsu. Da kamfanonin Turawa suka haɗa baki don su danne farashi, manoman suka ƙi sayar da kokonsu daga ƙarshen 1937 zuwa watan Afrilu na 1938, suka kuma ƙaurace wa kayan kantunan Turawan, har gwamnatin Ingila ta turo kwamitin bincike.

Akwai hannun mutanen arewa a wannan tarihi. Tun kafin koko, fataken Hausa suna zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga, sayen goron Asante, kuma zuriyarsu na cikin waɗanda suka kafa zango-zango a Kumasi da sauran garuruwa. Da koko ya bunƙasa, 'yan ƙwadago daga arewacin Ghana da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau da Nijar da Nijeriya suka riƙa gangarowa aiki. Da yawansu sun shiga tsarin abusa, inda mai kula da gona ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin, ko tsarin abunu, inda ake raba biyu. Dokar korar baƙi ta 1969, a zamanin gwamnatin Busia, ta fitar da ɗimbin irin waɗannan mutane daga ƙasar, gonaki kuma suka ji a jikinsu. Wannan ya nuna cewa ƙwadago a gonar koko sana'a ce da wasu suke ci da ita. Duk wanda zai zo ya yi shi kyauta, ya kamata ya tambayi kansa ko ba abincin wani yake taɓawa ba.

Inda gizo ke saƙa

Idan ba rashin hannu ba ne kuma ba rashin sani ba, me ya hana manomin koko wadata? Amsar tana wurin sikeli. A Ghana manomi ba ya kai kokonsa kasuwa a yi ciniki. Tun 1947 akwai hukumar koko, wadda yanzu ake kira COCOBOD, kuma gwamnati ce ke yanke farashin da za a biya manomi a farkon kowace kaka. Manomi yakan kai buhunsa mai nauyin kilo 64 wurin akawun wani kamfani mai lasisin saye, a auna, a biya shi kuɗin da aka yanke. Dattawan da suka ga zamanin dalar gyaɗa a Kano sun san irin wannan tsari, domin Nijeriya ma ta yi hukumomin sayen amfanin gona kafin ta rushe su a 1986. A farkon kakar 2023/2024 farashin buhu sidi 1,308 ne, tan guda kuma, wato buhu 16, sidi 20,928, abin da bai kai dala 2,000 ba a canjin lokacin. A watan Maris na 2024 farashin tan guda a kasuwar New York ya haura dala 10,000. Sai a watan Afrilu aka ƙara wa manomi zuwa sidi 2,070 a buhu, kuma duk da ƙarin, tazarar da ke tsakaninsa da farashin duniya ta kasance mai faɗi. Babban dalili shi ne hukumar ta saba sayar da mafi yawan kokon tun kafin a girbe shi, a kan farashin da aka ƙulla tun da wuri.

Adalci ya sa a faɗi cewa tsarin yana da ranarsa. Lokacin da farashin duniya ya faɗi a 2017, Kwaddibuwa ta rage abin da take biyan manomanta, Ghana kuwa ta bar nata yadda yake. Hukumar ce kuma ke ɗaukar nauyin bincike a cibiyar Tafo, da raba irin dashe, da feshin magani. Amma mu yi ɗan lissafi. A ce manomi yana da hekta biyu, kowace ta ba shi kilo 500, ya tashi da tan guda a shekara. A farashin farkon waccan kakar, abin da zai karɓa bai kai sidi 21,000 ba, daga ciki zai cire taki da magani da kuɗin 'yan ƙwadago. Idan kuwa wani ne ke kula masa da gonar a kan abusa, rabon mai kulawar bai wuce sidi 7,000 ba. Kuɗin jirgi daga Amurka da kuɗin da mai sa-kai zai biya masu shirya masa tafiya ba wuya su kai abin da wannan manomi ya samu a shekararsa gaba ɗaya. Ga kuma sauran matsaloli: cutar kumburin reshe, wadda aka gano tun 1936 kuma har yau maganinta shi ne sare itacen, cutar da ke baƙanta 'ya'yan lokacin damina, tsufan itatuwa, sauyin yanayi, da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba da ake kira galamsey, wadda ke cinye gonaki tana gurɓata koguna. Ƙasar da ta girbe fiye da tan miliyan ɗaya a kakar 2020/2021, bayan shekara uku abin da ta samu wajen rabin haka ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da addar baƙo za ta sare.

Kasuwa a matsayin aji

Masu shirya tafiya sukan ɗauki zuwa kasuwa a matsayin hutu bayan wahalar gona, a je a ɗauki hoto, a sayi atamfa da tsakiya. A gaskiya nan ne darasin ya fi yawa. Wanda ya shiga Kejetia a Kumasi, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, ko Makola a Akra, ko kasuwar Techiman, zai ga hayaniya da cunkoso, amma a ƙarƙashinsu akwai tsari. Mata ne suka fi yawa a cikin 'yan kasuwar, kuma kowane kaya, doya ko tumatir ko kifi, yana da sarauniyarsa da masu sayar da shi suka zaɓa, wadda ke sasanta rigima, ta yi magana da direbobi da hukuma a madadinsu, ta tattara gudummawa idan an yi rashi. Akwai masu karɓar susu da ke zagayawa kullum suna tara wa 'yan kasuwa ajiya. Akwai 'yan mata masu dako da ake kira kayayei, galibinsu daga arewacin ƙasar. Doya daga tsakiya da arewa take zuwa, tumatirin rani daga Burkina Faso, albasa kuma mai yawa daga Nijar, a hannun Hausawa da Zabarmawa da sauran mutanen zango.

Baƙo mai lura zai ga abu biyu. Na farko, kokon da ya wuni yana fasawa ba ya cikin kayan da aka baza, domin hanyarsa daban ce, daga sikeli zuwa sito zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema ko Takoradi. Cakulan ɗin da ake yi da shi ma, duk da akwai masana'antu a ƙasar, ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu noma shi, kuma ƙididdigar da aka sha yi kafin tashin farashin 2024 ta nuna rabon manomi a kuɗin sandar cakulan bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Na biyu, duk abin da manomi zai saya, shinkafa da mai da kwanon rufi da takalmin yara, farashinsa yana motsi kowane mako, nasa kayan kuwa an ɗaure farashinsa tun farkon kaka. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50 cikin ɗari. Ma'ana, buhun da aka yanke wa kuɗi a watan Oktoba, kafin a gama kaka abin da kuɗinsa zai iya saya ya ragu ƙwarai. A nan ne kuma ake gane muhimmancin ayaba da gwaza da rogon da mata ke nomawa suna kaiwa kasuwa, domin su ne ke riƙe gida a watannin da babu kuɗin koko. Baƙon da ya fahimci wannan ya san abin da masu shan cakulan da yawa ba su sani ba.

Masu ja da wannan ra'ayi

Mai ja na farko zai ce an rage wa masu sa-kai daraja, alhali tarihi ya nuna sun yi aiki. Gaskiya ne. Ghana ce ƙasa ta farko da ta karɓi matasan shirin Peace Corps na Amurka a watan Agusta na 1961, zamanin Kwame Nkrumah, kuma koyarwa suka yi a makarantun sakandare lokacin da ƙasar ke ƙarancin malamai. Nijeriya ma tun 1987 tana da shirin tura ƙwararrunta, likitoci da malamai da injiniyoyi, zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik. Amma a duba sharuɗɗan irin waɗannan shirye-shirye: ƙasar da za a je ita ce ta nema, akwai giɓin da aka sani za a cike, ana ba da horo, kuma zaman shekara biyu ne. Masanin cututtukan shuka ko akawun da ƙungiyar manoma ta gayyato ya gyara mata littattafan kuɗi yana cikin wannan sahu. Wannan hujja ba ta rushe ra'ayinmu ba, ta dai nuna mana ma'aunin da za mu auna kowa da shi, kuma mai zuwa mako biyu ba da wata sana'a ba bai cika ma'aunin ba.

Mai ja na biyu daga ɗaya ɓangaren yake. Shi cewa yake yi, tun da haka ne, baƙon ya zauna a gida ya aiko da kuɗin jirgin, za su fi amfani. Wannan suka ta daɗe; tun a 1968 Ivan Illich ya gaya wa wasu matasan Amurka masu zuwa sa-kai a Meziko cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa hujjar zuwa ba. Ta fuskar lissafi mai wannan magana yana da gaskiya, domin kuɗin tafiyar mutum guda zai sayi taki da dashe masu yawa. Sai dai kuɗin da mutum ya tanada don ya ga duniya ba kasafai yake komawa sadaka ba idan an hana shi tafiyar. Wata ƙasar zai nufa yawon buɗe ido. Ban da haka, babban abin da ke damun manomi ana yanke shi ne a wurare masu nisa: a kasuwannin Landan da New York, a ofisoshin kamfanonin cakulan, a majalisun da ke yin doka. A 2019 Ghana da Kwaddibuwa, waɗanda a lokacin su biyu ke samar da wajen kashi 60 cikin ɗari na kokon duniya, sun ɗora ƙarin dala 400 a kan kowane tan don inganta rayuwar manoma, kuma an yi ta kai ruwa rana da masu saye a kan biyansa. A 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigo da kayan da aka sare daji don noma su, koko na ciki, kuma wahalar tabbatar da iyakar kowace gona tana iya faɗawa kan ƙaramin manomi. A irin waɗannan muhawarori, ɗan ƙasar da ya taɓa tsayawa a gaban sikeli yana da abin faɗa wa 'yan majalisarsa da kantin da yake saye. Gani ya kori ji, in dai an yi ganin da hankali.

Mai ja na uku zai kama wannan magana ta ƙarshe ya ce gani na 'yan kwanaki ya fi rashin gani haɗari, domin baƙo ko da idonsa makaho ne. Wannan ita ce suka mafi nauyi. Mu ɗauki batun aikin yara. Binciken da cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ta fitar a 2020 ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 suna aikin da bai dace da shekarunsu ba a yankunan koko na Ghana da Kwaddibuwa, galibi a gonakin iyayensu. Baƙo zai iya ganin yaro yana taya uwarsa tsince ƙwaya ranar Asabar ya koma yana cewa ya ga bauta. Wani kuma a kai shi gonar da aka shirya don baƙi, ya koma yana rantsuwa babu wata matsala, bai ga yaron da ke ɗaukar kaya fiye da ƙarfinsa ko yake kusa da feshin magani ko ya bar makaranta lokacin kaka ba. Dukansu biyu sun ɓata. Maganin wannan shi ne ainihin abin da darasin ke kira a kai: wanda ya zo a matsayin mai ceto da amsarsa yake zuwa, wanda ya zo a matsayin ɗalibi kuwa tambaya yake yi, ya yi karatu kafin ya taso, ya saurari manomi da matarsa da mai abusa da malamin makaranta, ya kuma san cewa ƙauye ɗaya ba shi ne ƙasa ba.

Mai ja na huɗu zai ce ko ba komai baƙi suna kawo kuɗi, suna biyan masauki da abinci da mota. Haka ne, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma wannan ciniki ne, mutanen ƙauye sun sayar da masauki da lokacinsu da iliminsu, baƙo ya saya. Idan aka kira shi da sunansa, sai tambayar da ta dace ta fito fili: daga cikin abin da baƙon ya biya, nawa ya isa hannun masu masaukin, nawa ya tsaya a ofishin da ke wata ƙasa? Lulluɓe cinikin da sunan taimako shi ke sa manomi ya yi godiya a inda ya kamata ya yi farashi.

Kammalawa

Hujjojin da muka bi sun nuna cewa noman koko ƙwarewa ce da manoman Ghana suka gina da kansu fiye da shekara ɗari, cewa talaucinsu ya fi alaƙa da farashi da cuta da ƙasa, kuma cewa baƙon 'yan makonni ba shi da ikon gyara waɗannan da ƙarfin damtsensa. Wannan bai haramta tafiyar ba, sharaɗi ya gindaya mata. Tafiya mai kyau ita ce wadda mutanen gari ko ƙungiyarsu suka nema kuma suke da ta cewa a kanta, irin ƙungiyar manoma ta Kuapa Kokoo da aka kafa a 1993 mai shugabannin da mambobi ke zaɓa; wadda aka bayyana yadda ake raba kuɗinta; wadda ba ta ƙwace aikin ɗan ƙwadago ba; wadda ake neman izini kafin a ɗauki hoton mutum ko na ɗansa; wadda kuma baƙon ya san bashin ilimi ya ci, zai biya a ƙasarsa da bakinsa da kuɗinsa da ƙuri'arsa. Ma'aunin nan bai tsaya a kan Turawa ba. Duk ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar da za a tura aiki wata ƙasa, ko ma'aikacin ƙungiya da zai bar birni ya shiga ƙauyen da ba nasu ba, ya fara da tambayar wa ya kira shi, me ya iya wanda babu a wurin, kuma wa zai ci gaba da aikin idan ya tafi.

Tambayoyi

1. Lissafa matakan da koko ke bi daga itace zuwa buhu, ka nuna inda kuskuren wanda bai ƙware ba zai jawo hasara.

2. Yi bayanin bambancin abusa da abunu. Me ya sa aikin kyauta na baƙo zai iya shafar masu irin wannan yarjejeniya?

3. Ta yaya ake yanke farashin koko a Ghana? Kawo amfani ɗaya da illa ɗaya na wannan tsari ga manomi.

4. Idan buhu 16 ne tan guda, kuma an yanke farashin buhu sidi 2,070, nawa manomin da ya girbe rabin tan zai karɓa? Nawa ne rabon mai kula da gonar idan a kan abusa yake?

5. A cikin masu ja guda huɗu, hujjar wa ta fi ƙarfi a ganinka? Kawo dalilanka.

Aikin rukuni

Ku rabu gida-gida, kowane rukuni ya zaɓi amfanin gona guda da ake nomawa a yankinku don sayarwa, kamar riɗi ko albasa ko auduga. Ku tambayi manoma da dillalai farashinsa a bakin gona da farashinsa a babbar kasuwa, ku gano hannu nawa yake bi a tsakani da abin da kowane hannu yake yi. Daga nan ku rubuta sharuɗɗa biyar da za ku gindaya wa duk baƙon da ya ce zai zo ya taya manoman garinku aiki, ku karanta wa aji a zama na gaba.